Yaye a Ƙofar Kware

Sakkwato, farkon bazara

Zuwa ga aminina Malam Siddiƙu, magatakardan alƙalin Wurno.

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina tambayar lafiyarka da ta mutanen gidanka. Ka durƙusa wa Inna a madadina, ka tambayar mini ciwon gwiwarta. Mu nan lafiya lau, sai zafi.

Takardarka ta iso ta hannun masu jakunan albasa. Na ga saƙon Inna, wai in lokaci ya yi a kai mata jikanta ta yaye shi kamar yadda aka saba. Kafin in ba ka amsa, bari in tuna maka wanda kake rubuta wa, ko zaman Wurno ya mantar da kai.

Ni na tashi a Runjin Sambo babu uba, babu kawu, babu mai ce mini ga riga. Ni na kai kaina makarantar Turawa, lokacin da mutane ke ɓoye ɗiyansu cikin rumbu kada a ɗauke su. Can munka haɗu, kai an kawo ka bisa doki kana kuka, ni da ƙafata, kuma ka san wanda ya riƙa yi maka lissafi don kada ka sha bulala. Ban yi nisa da karatu ba, amma abin da na samu ya ishe ni. Na yi wa kantin Turawa zaɓen fatu har hannuna ya san jar fata mai kyau ko ido na rufe, sannan na bar su na kafa nawa. Jakunan da ke kai fatuna Kano nawa ne. Gidan nan ni na kwaɓa ƙasarsa, ni na ɗora azara. Ranar da na nemi ƙanwarka ba wanda ya shige mini gaba, da bakina na yi wa mahaifinku marigayi Malam magana, ya daɗe yana dubana, ya ba ni. Duk wannan ba hannun kowa a ciki sai na Allah.

To wanda ya yi wannan, yayen yaro guda ba zai gagare shi ba. Kuma na san yadda abin yake ƙarewa. Ɗan fari in ya tafi yaye wurin kaka, ya tafi ke nan. Ya zama ɗan gidan, uban ya koma baƙon da ke zuwa da tsaraba ranar salla. Ni ban san fuskar ubana ba, Siddiƙu. Ba zan bar nawa ya tashi yana laɓewa bayan zane in ya gan ni ba.

Mun ma riga mun fara. An shafa maɗaci a nono, ya taɓa, ya tofar, ya dubi uwarsa kamar ta ci amanarsa. Da rana ba laifi, yana shan kunu, yana bin awaki a tsakar gida yana faɗuwa yana tashi. Dare ne dai. Sai unguwa ta yi tsit ya zabura da ihu, a lallashe shi ya kwanta, ido bai gama rufuwa ba ya sake. Ka san bazarar garin nan, kowa a waje yake kwana, to duk Ƙofar Kware ta san muna yaye. Amma abu ne na 'yan kwanaki.

Ka gaya wa Inna na gode, Allah ya saka. Zancen kukan kuwa ka bar shi tsakaninmu.

Ka huta lafiya. Naka,
Muntari


Sakkwato, tsakiyar bazara

Zuwa ga Malam Siddiƙu.

Sallama da gaisuwa. Yaya aiki, yaya zafi, yaya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Ƙanwarka tana gaishe ka.

Ka tambaye ni me ya sa anka cire yaro daga nono tun bai kai lokaci ba. Aikin alƙali ya koya maka tambaya. Na so in yi shiru, amma kai ne, kuma na gaji da riƙe maganar ni kaɗai. Ƙanwarka tana da ciki. Ciki a kan goyo, abin da mata ke kira kwanika suna rufe baki. Ka san abin da za a ce da ni, ka san abin da Inna za ta ce da ita. Tsofaffi sun ce nonon mai ciki yana lalata yaro, shi ya sa munka cire shi da gaggawa. Da na aiko shi Wurno a wannan ƙanƙantar, Inna kallo ɗaya za ta yi masa ta gane. To ga gaskiyar da na rage maka a waccan takarda. Abin da na ce game da ubana ma gaskiya ne, kada ka zubar da shi.

Kukan bai ragu ba. Na karɓo rubutu an ba shi, an rataya masa laya, an turara ɗaki. Ya sha, ya ɗaura, ya ci gaba da abinsa. Ba yunwa ba ce, don yana ture kunun. Ƙirjin uwarsa kawai yake nema, in ta juya masa baya ya riƙa buga kansa a tabarma.

Ita kuma ba ta riƙe abinci. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo. Shekaranjiya na shigo na tarar ta yi barci a durƙushe kan dutsen niƙa, goshinta cikin gari. Wata rana da la'asar ta tashi a guje wai tana jin kukansa, alhali yaron yana gabanta yana wasa da ludayi yana dariya. Wannan ya tsorata ni.

Don haka na karɓe ta. Kada ka yi dariya. Na ɗauki zanenta na goya shi, ni Muntari, ina zagaya tsakar gida daga bakin rijiya zuwa ɗakin fatu in dawo, ina jijjiga shi. A bayana yakan yi shiru muddin ina tafiya. In na tsaya, ko na jingina da bango, sai ya fara. Haka muke yi har kiran assalatu.

Katangar da ke tsakanina da tsohuwa Kande gajera ce, ta leƙo ta gan ni. Kafin hantsi labari ya kai kasuwa. Yanzu in na shiga rumfar masu fatu sai a tashi a ba ni wuri, wai a bar uwar goyo ta zauna, wani ya tambaye ni ko nonon ya kawo. Ina dariya tare da su, don in na ɗaure fuska abin ya fi yi musu daɗi. Abin da ya fi ba su mamaki, wai ɗan fari ne, wanda uba ko sunansa ba ya kamawa don kunya. Ni ban tashi gidan da anka koya mini wannan kunyar ba.

Aiki yana lalacewa. Na karɓi ɗaurin fatu daga wani Bafillace, sai da anka kai gida na ga rabinsu ƙwari sun huda. Ni da nake gane fata ido rufe. Ranar Juma'a na yi sujada ban ɗago ba sai da na kusa da ni ya zungure ni. Idona kamar an zuba rairayi. Mutum yana yi mini magana ina ganin bakinsa yana motsi, ban san me ya ce ba.

Akwai wani abu kuma, ban gaya wa kowa ba. Wani lokaci in ya tsala ihun nan dab da kunnena, nakan ji hannuna yana ƙaiƙayi. Nakan ji ba ɗana ne a bayana ba, wani abu ne anka ɗaura mini. Sai in yi ta'awwuzi in ci gaba da tafiya. Da gari ya waye ya miƙo mini hannu yana kiran Baba, sai kunya ta rufe ni.

Kande ta shigo jiya ta ce yaye ba aikin mutum biyu ba ne, shi ya sa ake raba yaro da uwa ya bar jin ƙanshinta. Ta ce in ba ta shi ya kwana wurinta, ko ta aika Wurno da kanta. Na ce ta fita mini daga gida. 

Kada ka nuna wa Inna wannan. Damina ta kusa, in iska ta yi sanyi zai kwanta.

Naka,
Muntari


Sakkwato, bayan ruwan farko

Zuwa ga Siddiƙu.

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Inna da yara. Takardunka biyu sun zo ban amsa ba, ka yi haƙuri. Wannan ka karanta ta kai kaɗai tukuna.

Yaron ya bar kuka. Bari in gaya maka yadda anka yi.

A ƙarshen zafin nan, daren da ko ganye ba ya motsi, ƙanwarka ta kwana tana amai, can ta samu barci ya ɗauke ta. Ni kuma ƙafafuna sun kumbura, na yi ta zagaye da shi har na fara karo da bango. Na faɗi bisa gwiwa kusa da rijiya, da shi a baya. Da na ga inda na faɗi, sai na tashi na kwance shi. Ban buge shi ba, Allah ne shaida. Na kai shi ɗakin fatu, don bangonsa ya fi kauri, na shimfiɗa masa buzu, na ajiye masa ƙwaryar ruwa, na jawo ƙofa na sa sakata. Na ce a raina in ɗan miƙe bayana kaɗan in dawo. Ina jin muryarsa can ƙasa ƙasa, yana bugun ƙofa da tafin hannu. Na kwanta a zaure na toshe kunne da rawani.

Rana ce ta tashe ni, ta riga ta hau bango. Ko asuba ban ji ba.

Ka san ɗakin nan, ba taga, ga warin jima, ga zafi. Ƙanwarka ta riga ni buɗewa. Ta same shi zaune a bayan ƙofa, ya ɓata jikinsa, ƙwaryar ta kife, leɓensa ya bushe. Yana buɗe baki ba abin da ke fita. Kande ce ta tsallako ta yi ta ɗura masa ruwa da ludayi, ta shafe shi da jiƙaƙƙen tsumma har ya dawo. 

Ƙanwarka ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Da yamma ta kawo mini tuwo ta ajiye, ta tsaya, ta ce, "Ka ji daɗin barcin?"

Kai zan gaya wa gaskiya. Na ji daɗinsa, Siddiƙu. Tun da anka haife ni ban yi barci mai daɗinsa ba. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai.

Muryarsa ta dawo bayan 'yan kwanaki, yana ci, yana sha. Amma da dare ba ya kuka. Yana farkawa kamar da, a lokutan da ya saba, sai ya tashi zaune a tabarma, ido buɗe, ya yi shiru yana kallon ƙofa. Ba ya neman uwarsa. Ba ya neman kowa. Ni kuma ina kwance ina kallonsa, ina roƙon Allah ya sa ya yi ihu ko sau ɗaya. In na miƙa hannu sai ya ƙanƙame jikinsa. Na durƙusa na ba shi baya, na riƙe zanen, ya tsaya kamar bai san me ake nufi ba. In zai wuce ɗakin fatu sai ya zagaya ta bayan rijiya.

A kasuwa ana yi mini barka, wai yaye ya kammala, unguwa ta huta. A cikin mata kuwa magana biyu ke yawo. Wasu sun ce iska ta taɓa shi. Wasu sun ce uwar ce ta kulle shi don ta samu barci, mai kwanika me ba za ta yi ba. Kande ta san gaskiya amma ta rufe, don ta ce namiji ba ya ɗaukar irin wannan suna. Ƙanwarka ta ji abin da ake cewa, ta bari a kanta.

Ga abin da na yanke. Ranar kasuwar Wurno mai zuwa zan kawo shi wurin Inna. Ƙanwarka za ta biyo mu ta zauna har ta sauka, in ta ga dama ta dawo. Na san shi ba zai dawo ba. Wataƙila cikin yaran gidanka, inda ba ni, ya sake koyon kuka. Kada ka aiko kowa ya tarye mu. Ni zan ɗauko shi, in ya yarda in ɗauka.

Sai abu guda, kuma ba roƙo nake ba. Littafin marigayi Malam yana hannunka, wanda yake rubuta haihuwar gidanku a bayansa. Na ga yadda kuke yi, ɗiyan da 'yan'uwanku mata sunka haifa ana sa su ƙarƙashin sunan uwa, wane ɗan wance, shi ke nan. Nawa ba za a yi masa haka ba. Ka ɗauki alƙalami ka rubuta Hayatu ɗan Muntari mai fatu, na Ƙofar Kware. Ka rubuta cewa ubansa ne ya kawo shi da ƙafarsa, ba ƙwace shi anka yi ba. Ka rubuta cewa ubansa ya goya shi bazara guda.

A ƙarƙashin wannan ka rubuta wanda ya sa sakata. Da cikakken suna, da tawada mai kyau wadda ba ta kodewa. Ka karanta wa Inna a gaban ƙanwarka, kafin maganar matan unguwa ta riga ni isowa. In yaron ya girma ya iya karatu, ka buɗe masa wurin, kada ka rufe layin ƙasa da yatsa. In zai ƙi ni, ya ƙi ni da sunana.

In na iso zan duba in ga ka rubuta.

Wassalam. Ni ne,
Muntari, uban Hayatu