Inci Huɗu

Asabar, 4 ga Oktoba, 2025
Katako ya iso. Maɗaci, mai kauri, ni na zaɓa da hannuna. Shekara talatin ina gyaran injin ban-ruwa a tsugune ƙasan garejin nan na Mabera, bayana ya ce ya ishe shi. Ni da ɗana Ubaidullahi za mu haɗa bencin aiki, dogo, na mutum biyu. Bayis biyu na matse ƙarfe, nawa a dama, nasa a hagu.

Talata, 7 ga Oktoba
Maigidana da ya koya mini aiki yakan ce tsayin benci a wuyan hannun mai shi ake auna shi. Na tsayar da Ubaidu, na auna nasa, na ja layi a ƙafafun huɗu. Ya fi ni tsawo sosai, amma shi zai daɗe a kansa, ni saura me? Shi kuwa yana ta kallon fensirin.

Alhamis, 9 ga Oktoba
Na je Wamakko duba injin wani manomi. Na dawo na tarar ya yanke ƙafafun, ƙasa da layina da inci huɗu. Wai kuskure. Mutumin da ke gane lambar sufana da ido! Na yi faɗa. "Baba, hakanan ya hi," shi ke nan abin da ya ce.

Jumma'a, 10 ga Oktoba
Bayan an sallame, maƙwabcina Dodo ya riƙe hannuna a ƙofar masallaci. "Barka, Malam Gazali, ashe yaron ga Hwatakwal za shi? Aikin kamfani, Allah shi sa albarka." Na ce amin. Har dariya na yi masa.
Ashe wata biyu ke nan da Ubaidu ya samu takardar aikin. Matata Saudatu ta sani. Ƙannensa sun sani. Dodo ma ya sani. Ni da na haife shi ina can ina zaɓen katako kamar wawa.

Lahadi, 12 ga Oktoba
Saudatu: "Malam, tsoron ɓacin ranka shika yi." To yanzu fari ya yi?
Tafiyar ba ta ƙona ni kamar shirun ba. Ya bari na auna hannunsa. Ya riƙe mini tef muna fitar da wurin bayis ɗinsa. Ashe ba kuskure ba ne, nawa tsayin ya yanka, domin ya san ni kaɗai zan tsaya a nan. Da zarto ya faɗa mini abin da bakinsa ya kasa. An ci amanata, ba zan ɓoye wa takarda ba.

Laraba, 15 ga Oktoba
Ya tafi. Ya durƙusa, na ce Allah ya tsare. Ban je tasha ba.

Laraba, 22 ga Oktoba
Ni kaɗai na ɗaure noti, na sa katakon giciye. Na hau kansa na yi tsalle, ko motsi. Bayis ɗaya na kafa. Ɗayan yana cikin kwali.

Litinin, 3 ga Nuwamba
Inji uku yau, tun safe har la'asar a tsaye. Sai da na zo alwala na lura bayana bai yi ciwo ba. Na sauke hannu a gefen bencin, daidai wuyan hannuna. Yaushe ya auna ni, oho.
Ubaidu ya kira waya, na ce wa Saudatu hannuna duk baƙin mai ne. Na dai tsaya kusa har ta gama.
Ɗazu ta kwashi guntayen ƙafafun nan huɗu za ta sa a murhu. Na karɓe. Maɗaci ne, ba a ƙona maɗaci, haka na ce mata. Na jefa su cikin kwalin bayis.