Ɗigon da ke Tsakiya

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024
Na tsinci takarda a jakar Khairunnisa. Da'ira cikin da'ira, ja da kore, da ɗigo a tsakiya. Sak hatimin bokaye. Wai sabuwar malamarsu, Siddiƙa, ke sa su. Karatu na tura ta ko tsubbu? Na cusa a murhu, tana kallo.

Talata, 8 ga Oktoba
Ba ta ci tuwo ba. Ta koma shirun nan da ta yi bayan babur ya kashe yayanta a hanyar Mai'adua. Kwanan nan fa bakinta ya fara buɗewa.

Alhamis, 10 ga Oktoba
Na je makarantar, na sami malamar. Wai sunan zanen mandala, wai yana tara hankalin yaro wuri ɗaya, ya koyi awo da haƙuri. Na ce daga ina? Ta ce mutanen Indiya, wasunsu a ibadarsu suke yi. Ko kunya! "Maman Khairunnisa, sai tana zanen take yi mini magana." Ke wa? Ni na haife ta. Don da furfura na shiga ajin yaƙi da jahilci, ba shi ne za a raina ni ba. Na hana Khairunnisa zuwa.

Juma'a, 11 ga Oktoba
Shiru. Da tsinke take zanawa a ƙasa, in ta ji tafiyata ta goge da ƙafa.

Lahadi, 13 ga Oktoba
Na zana wa Kawu Jafaru irin zanen, tunda shi malami ne, don ya tsaya mini. Ya ce akwai harafi? Babu. Sunan wani? Babu. Sai ya ɗaga faifan da na saƙa masa daga kan kwanon fura. "Hadijatu, da kike wannan, wa kike bauta wa?" Har da dariya. Raina ya ɓaci, ko sallama ban yi ba.

Laraba, 16 ga Oktoba
Ina rina kaba Khairunnisa ta zo ta tsuguna. Na miƙa mata, don kawai hannuna na ciwo, na ce fara cibiyar faifai. Ta daɗe tana naɗawa. Can ta ce, "Inna, nan ne Yaya. Mu ne zagayen." Ashe shi na ƙona.

Ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa ba, ko ranar da aka kawo gawarsa.

Litinin, 21 ga Oktoba
Ta koma makaranta. Ba don na yarda ba, zaman gidan ne ya ishe ni. Malamar har yanzu haushinta nake ji.

Faifan ya kusa tafin hannu.

Yazid. Ba wanda zai ga na rubuta.