Tsamiyar da Ta Tare wa Masu Shan Iska Kallon Ruwa

Zuwa gare ki, 'yata ta fari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Shekarar da aka sauke tutar Turawa na ji a kasuwar Makarfi wai za a tare rafin ƙauyenmu, can bayan Gazara, a yi dam, a gyara bakinsa manya su riƙa zuwa shan iska. Na yi dariya har goro ya sarƙe ni. Iskar da ke kwashe mana jinka kyauta, ita za a hau mota daga Zariya a zo sha?

Ashe za a hau. Safiyo mai awon ƙasa ya iso da sarƙar awonsa, ya tsaya gindin tsamiyar bakin gonarmu, inda muka binne ki shekarar ƙyanda. Ya ga fasasshiyar tukunyar da muka kifa miki, ya ce juji ne. Mai unguwa ya waiwayo a gaban jama'a ya ce, Malam Barau, kana da wani a nan?

Kin san kunyar ɗan fari. Kina raye ban taɓa kiran sunanki ba, "ke yarinya" ce kawai. Na sunkuyar da kai na ce ba kowa. Duk wanda ke tsaye a wurin ya san ma'anar wannan "ba kowa", da su aka yi miki salla. Safiyo kaɗai bai sani ba, kuma shi ke riƙe da fensir. Ya rubuta abinsa, ba wanda ya gyara masa. Ina fushi da su, amma bai kai wanda nake yi da kaina ba.

Yanzu duk Lahadi akawuna ke shimfiɗa tabarma a kanki, garmaho na tashi da waƙa, ana jefar da ƙashin kaza. Saiwar da kike zama a kanta kina tsotsar tsamiya har haƙoranki su mutu, a jikinta ake ɗaure kwalekwale. Na je in yi magana, mai gadi ya ce, baba, nan wurin hutawa ne. Na ce na sani, akwai wadda ta riga ku.

Wai yanzu itacen ya tare musu kallon ruwa, jibi za a sare. In ya faɗi, ban da alamar da zan tsaya in yi miki addu'a. Gobe da safe ina ofishin masu dam ɗin, zan faɗa har masinja ya ji: akwai kowa. Sunanta Rakiya. 'Yata ce.

Rakiya. Kin ga, bakina bai tsage ba. Ki yafe mini jinkirin.

Allah ya haskaka makwancinki, ya sa kin fi su hutawa.

Ni ne mahaifinki,
Barau

Af. Zancen sarar ma na ƙaryata shi sau uku. Na ƙarshen da ya faɗa mini baffanki Tanko ne, ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, an ɗauke shi lebura a can. Aron gatarina ya zo.