Tumatirin Baba

Daren Laraba, Fagge, 1958

Yau Baba ya tuge tumatirin lambunsa kaf. Ganyen duk ya yi dabbare-dabbare, babu abin kaiwa Kasuwar Sabon Gari.

Kuma na san ciwon nan. Kafin hutu malamar kimiyya ta nuna mana irin ganyen, ta ce ƙwayar cutar ta fi ƙarfin madubin ganin ƙwayoyin cuta na makarantarmu. Masana sun gano sinadarin gadon halitta da ke cikinta RNA ne, ba DNA ba, suna ta neman ire-irenta. Ta ce daga hannun mai cin taba take hawa shuka.

Ranar dashe na kai masa fura. Ina kallo ya zuba garin taba a baki, ya ci gaba da aiki bai wanke hannu ba. Na ajiye furar na koma gida. Ni 'yar fari ce, ko sunana ba ya kira, ta yaya zan yi masa gyara?

Ɗazu na gaya wa Gwaggo. Ta ce, "Haba Asabe! Ni ina kunyarsa ne? Da kin raɗa mini, da kunne zan ja shi bakin rijiya."

Ranar dashen nan ko kaɗan ban tuna da Gwaggo ba. Jibi zai sake dashe. Na ba ta sabuluna, ta sa shi ya wanke hannu.