Mu Biyu a Keke Ɗaya

Zariya, 9 ga Maris, 1957

Zuwa ga Dada, a Jalingo.

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Yaya jikinku, yaya ƙanena Maliki? Ni lafiya lau, kada ku damu.

Sai dai akwai abin da na ɓoye muku. Keken ɗinkin da ake koya mana a makarantar nan na ƙafa ne, ƙafata kuwa kun san ta, ba ta iya taka shi. Kande, wata makauniya da muke ɗaki ɗaya, ita ke taka mini, ni ina riƙe yadi. In na ce ta tsaya, sai ta tsaya.

Wata mai zuwa za a sallame mu, kuma an ce masu ɗaukar aiki mutum ɗaya suke so a keke. Kande ba ta da kowa. Kullum tana tambayata ina za mu.

Don Allah ku kai wa Bappa Njidda tela rigar nan da na aiko, wadda muka ɗinka wa Maliki, ko zai ba mu wuri a rumfarsa. Ku bari ya duba ɗinkin tukuna, sannan ku gaya masa mu biyu ne. Benci ɗaya ya ishe mu.

Allah ya bar mini ku.

'Yarku,
Hajaratu