Fanshon Baba Yana Hannuna

Malama, don Allah ki taimake ni da shawara. Kaina ya ɗau zafi, kuma duk wanda na kai wa kukana a danginmu sai ya riƙa kallona kamar na yi sata.

Mahaifina tsohon ma'aikacin gidan waya ne, ya daɗe da yin ritaya, yanzu ya haura saba'in. Bayan rasuwar mahaifiyarmu na ɗauko shi ya dawo gidana, na ba shi ɗakin da ke kusa da ƙofa. Ni ne babba, kuma akanta ne ni, don haka da na ga yadda fanshonsa ke salwanta sai raina ya ɓaci. Duk ranar da kuɗin suka shigo, zai zura tsohuwar kwat ɗinsa ta aiki ya tafi wurin mai shayin da ke bayan tsohon ofishinsu, su haɗu da sauran tsofaffin. Karɓa-karɓa suke yi, kowane wata mutum ɗaya ke biya wa kowa. Ga jarida kullum, ga kuɗin wutar matar wani abokinsa da ya rasu, shi ya ɗora wa kansa. Kafin tsakiyar wata aljihu ya bushe.

Sai na lallaɓa shi na karɓi katin bankinsa. Na zuba ragowar kuɗin sallamarsa a wani asusun jari da ba a taɓawa sai bayan shekara goma, fanshon ma can nake turawa. Na bar asusun da sunansa, don an ce mini harajin ɗan fansho ya fi sauƙi, har na haɗa da nawa a ciki. Ina ba shi na kashewa duk mako. Ci kyauta, kwana kyauta, me tsoho zai yi da kuɗi?

Da watan da zai biya shayin ya zo, ya nemi ƙari, na hana. Tun daga nan bai sake leƙa wurin ba, ni kuwa na ce gara haka. Kwanaki ya biyo ni ofis wai gilashin idonsa ya fashe. Ina da baƙi, sai na bar shi a kan benci, na aika masa da saƙo ya fara kawo takardar farashi tukuna. Ƙanwata ta yi ta kuka a kan wannan, ita da ko sabulu ba ta taɓa saya masa ba.

To yanzu na ji ya je banki yana tambayar yadda zai sake kati. Wani abokina ya ce in nemo takardar likita da ke nuna ya fara ruɗewa, sai a ba ni iko a kan komai. Gaskiya hankalinsa garau yake, amma yakan manta inda ya ajiye makulli. Hakan zai wadatar? Kuma in an yi, sauƙin harajin yana nan?

Mai Hangen Nesa

Ɗan'uwa, na gode da ba ka ɓoye komai ba, ko da yake ban tabbata ka saurari kanka ba.

Inda kake da gaskiya ba zan hana ka ba. Riƙon tsoho ba wasa ba ne, 'yan damfara kuma suna farautar 'yan fansho, saboda haka sa ido bai zama laifi ba. Ƙanwarka ma ya kamata ta kawo abin da ya wuce hawaye.

Amma jarin shekara goma na ɗan shekara talatin ne. Wanda ya haura saba'in kuɗin da hannunsa zai kai gare su gobe da safe yake bukata, na magani da na gilashi, har da na shayin. Fansho albashin tsufa ne, ya riga ya yi guminsa, kuma ba ya bukatar izininka kafin ya fita kunyar abokansa. Batun ɓoye kuɗinka a ƙarƙashin sunansa kuwa, ka je wurin masanin haraji, ka shirya jin abin da ba ka so. Ka kuma tuna cewa ranar rabon gado, ƙanwar nan da ka raina tana da rabo a duk abin da ke ɗauke da sunansa.

Takardar likita ba zan taya ka ba. Ƙarya ce kake son a buga wa hatimi, a kan mutumin da kai da bakinka ka ce hankalinsa garau yake.

Ka mayar masa da katinsa a makon nan, ka tsayar da tura fanshon. Ka tambayi masu asusun abin da za su cire in an fasa kafin wa'adi, ka ware naka, asarar kuma ka ɗauke ta daga ɓangarenka. Daga nan ku zauna ku uku, kai da shi da ƙanwarka, in ya yarda a riƙa ajiye wani abu don asibiti, shi zai faɗi nawa.

Ka san shekarunsa sarai lokacin da ka zaɓi shekara goma. Shi ma ya iya lissafi, kuma ya gane wa ake tara wa. Allah ya ja kwanansa ya ci guminsa da kansa, kai kuma Allah ya ba ka 'ya'yan da ba su kai ka wayo ba.