Buɗin da Baban Fahad Ya Tafi Nema

Dutsin-Ma, watan Safar

Zuwa ga Yaya Batula,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kin koma Zariya lafiya, kin tarar da Alhaji da yara ƙalau. Yaya ƙafar taki, kumburin ya saɓe? Mu nan sai godiyar Allah.

Tunda aka ɗauke mana sabis ɗin waya saboda 'yan bindiga ba ni da hanyar jin muryarki, shi ya sa na ba Ya'u direba wannan takarda.

Masu ta'aziyya sun ɗauke ƙafa, gida ya yi mana faɗi. Mutanen unguwa sun yi gayya sun cike kududdufin da Fahad ya faɗa. Na yi murna saboda 'ya'yan wasu, amma har yau ba na iya bi ta wurin. Ni da nake kara da sunansa yana raye saboda ɗan fari ne, yanzu sai in tsinci kaina ina wanke-wanke ina ambatonsa a fili.

Ba kaina ne ya sa na ɗauki biro ba, Yaya, Baban Fahad ne. Kin ga yadda ya tsaya ranar jana'iza, shi ke ba mutane haƙuri, kowa na cewa Malam Atiku akwai tawakkali. To har yau bai zubar da hawaye ba. Yana zuwa aikinsa a jami'a, ya dawo, ya ci tuwo kamar mai haɗiyar magani. Ranar Juma'a da ya dawo masallaci ya zauna bakin gado bai ko cire hula ba, ya ce, "Hafiza, ina sallah kamar ina magana da bango. Ba baƙin ciki nake ji ba. Ba na jin komai."

Yanzu yana zama da Ustaz Rilwanu bayan La'asar, limamin unguwarmu, matashin nan da ya yi karatu a ƙasar Larabawa. Mutumin kirki ne, yana cikin waɗanda suka faɗa ruwa da tufafinsu ranar da abin ya faru. Yana karanta masa hadisan da suka zo kan wanda ya rasa ɗa ya yi haƙuri. Ya ce masa addini bi ne, ba ji ba ne. Ka yi sallarka daidai, ko ka ji daɗinta ko ba ka ji ba, lada na nan, kuma mai farautar daɗi a ibada shi Shaiɗan ya fi saurin kamawa. Ni dai maganar ta riƙe ni, don ranar da na kasa komai nakan tuna cewa tsayuwar kaɗai ma an karɓa. Shi kuwa sai ya dawo ya ce duk abin da Ustaz ya faɗa gaskiya ne, kansa ya yarda, ƙirjinsa ne bai ji ba.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaida Alhaji da Lubna da ƙannenta.

Ƙanwarki,
Hafiza

Dutsin-Ma, watan Rabi'ul Awwal

Yaya Batula,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Na sami amsarki da man zafin da kika aiko, Allah ya bar zumunci. Ina fata kowa lafiya, Lubna kuma ta gama jarrabawa cikin nasara.

Kin ce in ƙyale shi, namiji da irin nasa kukan. Na ƙyale, ga inda muka kai.

Wani abokin aikinsa ya zuba masa karatun wani Bature a waya, dattijo mai farin gemu, wai ya yi shekaru a duwatsun Indiya yana koyon shiru. Muryarsa a hankali, kamar mai lallashin jariri. Ina madafi ina jiyo shi, kuma ɗan Turancina na malamar firamare ya isa in gane. Cewa yake a zauna, a rufe ido, a bi numfashi yana shiga yana fita, duk tunanin da ya zo a bar shi ya wuce. Wai ciwo ba a cikin abin da ya faru yake ba, a cikin labarin da zuciya ke ta maimaitawa yake. Wai ranar da mutum ya farka zai gane babu wani "ni" da za a ce ya yi rashi.

Zan faɗi gaskiya, abin ya yi masa amfani ta wani gefen. Yana barci yanzu, yana cinye abincinsa, kuma bai bar sallah ba. Bayan Asuba sai ya zauna kan darduma ya fuskanci bango har rana ta fito.

Labari ya kai kunnen Ustaz. Ya zo har zaure, ina jin su daga tsakar gida. Ya ce wannan koyarwar masu bautar gumaka ce aka sauya wa riga, yau numfashi, gobe a ce maka babu hisabi. Baban Fahad kuma ya ce yaushe shaƙar iska ta zama shirka, kuma da hadisan sun sa shi barci da bai nemi wani abu ba. Wannan kalma ta ƙona Ustaz, ni ma ta ba ni tsoro. Suna gaisawa har yanzu, amma zaman La'asar ya mutu.

Abin da ya fi ci mini rai shekaranjiya ya faru. Ina gyaran ƙarƙashin gado na ci karo da takalmin makarantar Fahad, ƙafa ɗaya, da busasshen taɓo a jiki. Na zauna a ƙasa na rungume shi. Baban Fahad ya shigo ya same ni. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya durƙusa, cikin taushin murya irin ta Baturen nan, ya ce, "Abin da kike riƙe da shi tunani ne kawai. Ki kalle shi, zai wuce." Na ce ɗana ba tunani ba ne, ni na haife shi, ungozoma na da rai. Sai ya ce in daina kiransa Baban Fahad, sunan yana ɗaure mu duka biyu.

Shekara takwas da wannan suna nake kiransa, Yaya. Na koma ce masa Malam, kamar ɗalibarsa.

Ki gaida mutan gidan baki ɗaya.

Taki,
Hafiza

Dutsin-Ma, watan Jimada Awwal

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya kamar yadda muke. Yau da ɗan daɗi nake rubuto miki.

Malam ya je Wurma gaida Inna, mahaifiyarsa. Ita ta matsa masa ya biya ta Kurfi wurin Shehu Jibo, wani dattijon malamin ɗariƙa mai zawiya a bayan kasuwa, wanda marigayi baban Malam ya yi wa hidima. Ya je ne don kada ya saɓa mata.

Ya ce tsoho ne ƙwarai, idonsa ma ya yi rauni. Ya zayyana masa komai, har da Ustaz da Bature, yana jiran a yanke hukunci. Shehu bai ce uffan a kansu ba. Ya kama hannunsa ya tambayi sunan yaron. Sannan ya ce, "Me ya fi so a abinci?" Malam ya buɗe baki ya ce awara da yaji, sai muryar ta karye. Ya yi kuka a gaban almuridai har rigar Shehu ta jiƙe, tsohon bai saki hannunsa ba.

Da ya dawo ya tsaya bakin ƙofa ya kira ni da sunana, idanunsa jajur. Muka zauna muka yi kukan da ya kamata mu yi tun damina. Ya tuna mini ranar da Fahad ya saka hularsa ya hau kujera wai shi liman ne, muka yi dariya da hawaye a fuska. Ya nemi takalmin nan da kansa.

Ya karɓi wuridi, istigfari da salati safe da yamma. Ya daina sauraron Baturen, ko da yake ya ce ba ya zaginsa, shi ya koya masa zama wuri ɗaya. Har wurin Ustaz ya je ya ba shi haƙuri kan maganar da ya yi. Ustaz ya karɓa, amma ya gaya masa ɗariƙar ma bai yarda da ita ba.

Yana yawan zancen abin da suke kira buɗi, wato ranar da Allah zai yaye wa bawa labulen zuciya ya san Shi sani na ɗanɗano. Ya ce abin da ya ji a Kurfi ƙamshinsa ne kawai. Ni dai mijina ya dawo, ko me suka kira shi na gode.

Ki gaya wa Alhaji addu'a ta ci.

Ƙanwarki,
Hafiza

Dutsin-Ma, watan Sha'aban

Yaya Batula,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarki da ta Alhaji da yara. Ki yafe mini yadda nake katse kiranki da "lafiya lau". Sabis ya dawo tuntuni, amma abin da ke bakina ba ya faɗuwa a waya.

Daɗin da na ba ki labari bai daɗe ba. Da farko ranar Juma'a kaɗai Malam yake zuwa Kurfi zikiri. Sai ya fara kwana. Idan ya dawo yakan yini shiru, ya ce abin da yake samu a can yana zubewa da zarar ya shigo gida, ga hayaniyar 'yan acaba, ga zancen cefane. Bai ce ga ni ba, amma na ƙirga kaina a ciki. Watan jiya ya ɗauki dogon hutu a wurin aiki, ya naɗe darduma da kaya kala biyu ya koma zawiya. Bai bar ni da yunwa ba, ya cika ɗaki da hatsi kafin ya tafi. Inna ta aika masa ya dawo, ya aiko mata da gaisuwa.

Yaya, ina da ciki. Na tabbatar a asibiti bayan tafiyarsa. Na ce wannan ba labarin aike ba ne, sai na shiga mota na tafi Kurfi da kaina.

Uwargidan Shehu, Hajiya Fatu, ta karɓe ni hannu bibbiyu, ta kai ni har ɗakin Shehun. Na tafi da fushina, na shirya in tambaye shi ko raba miji da mata yana cikin wuridi. Ban kai ga faɗa ba. Da jin sunana ya ce, "'Yata, na san abin da ya kawo ki. Na ce masa ya koma gida, ba sau ɗaya ba. Na ce masa haƙƙinki yana gaba da zaman nan. Sai ya sunkuyar da kai ya ce ya gane, jarraba shi nake in ga ko da gaske yake."

Na ce to ya kore shi mana. Ya ce ya yi tunanin haka. Amma akwai masu zawiyoyi a yanzu da za su karɓe shi da gudu, ma'aikacin jami'a guda, su ce masa ya kai, su ɗora masa rawani. Gara yana gabansa yana maimaita masa. Ya ce, "Buɗi ba a aljihuna yake ba, balle in ba shi ya tafi. Ni kuka kawai na taya shi, shi kuma ya ɗauka wata ƙofa ce." Na fito ban san wa zan yi fushi da shi ba.

Na sha zama ina auna mutanen nan. Ustaz bai gaya masa ƙarya ba, kuma har gobe maganarsa nake tashi da ita sallah. Baturen bai ma san akwai wani gari Dutsin-Ma ba. Shehu kuwa ya ba shi abin da ya fi buƙata, sai abin ya zame masa ƙishirwa. Kowannensu ya faɗi nasa, shi ya tsinci abin da zai nisanta shi da ɗakin da yaron ya kwana.

Na sami Malam a bayan masallaci yana wanke butocin alwala. Ya rame, gemu ya yi tsawo, amma fuskarsa a sake take, wani irin kwanciyar hankali da ban taɓa gani gare shi ba ko kafin rasuwar. Da ya gan ni ya yi murmushi, ya ɗauraye hannu, ya shimfiɗa mini tabarma, shi ya tsuguna can gefe. Ya yi mini sannu da hanya. Ya tambayi ko motar ta cika, ko an tsayar da mu a shingen sojoji. Ya ce yana sa ni a addu'a kullum, kuma yana jin buɗin ya kusa, in ƙara masa haƙuri kaɗan.

Ina ta juya maganar a bakina ina neman inda zan sako ta. Sai ya dube ni da fara'a, irin wadda ake yi wa baƙon da aka ji daɗin zuwansa, ya ce, "Yaya mutanen gida?"

Wa ke gidan, Yaya? Ni kaɗai ce, ga ni zaune a gabansa.

Na ce suna lafiya. Ya ce madalla. Aka kira sallar Azahar, ya miƙe ya kwashi butocin ya kai wa jama'a. Hajiya Fatu ce ta raka ni tasha.

Ban gaya masa ba. Ke ce ta farko da kika sani, ko Inna ban faɗa wa ba tukuna. Na san haƙƙinsa ne ya ji, kuma zai ji. Tsoro nake ya yi hamdala cikin wannan murya tasa mai sanyi, ya ce amana ce, kada in ɗora zuciyata a kai. Idan ya faɗi haka ban san abin da zai rage tsakaninmu ba.

Azumi ya ƙarato. Laulayi yana wahalar da ni, ƙamshin girki ma ba na so, kuma idan na yi amai babu mai miƙo mini ruwa. Don Allah ki roƙar mini Alhaji ya bar ki ki zo, ko na mako guda ne. Idan kin zo sai mu je Wurma tare mu gaya wa Inna, don ba zan iya kallon fuskarta ni kaɗai ba.

Ki gaida Lubna da ƙannenta. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki mai jiran zuwanki,
Hafiza